Hannun Hagun Baba

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka sallamo Baba daga asibiti. Ni da Yaya Maijidda muka kawo shi gida Mai'adua. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce: hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana ma ta ɗauke. Ya ce wani abu zai iya dawowa, bai ce wanne ba.

Ɗakin yana wari. Fitsari, man zafi, da wancan warin da na sani tun ina yaro, na tsohuwar fata da gumi. Kalangunsa na rataye a ƙusa daidai saitin gadon.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu." Sai ya juyar da fuskarsa bango. Da ƙyar ya yi, amma ya yi. Yaya ta ce ciwo ne. Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Cokali uku na kunu ya sha a hannun Yaya. Da na karɓi kofin ya datse baki.

Laraba, 16 ga Oktoba, lokacin hutun tara

A aji uku yau darasinmu kayan kiɗan Hausawa. Manhaja ce ta kawo mu nan, ba ni na zaɓa ba. Na rubuta a allo: dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma. Yarana masu kaifi ne, Allah Ya yi musu albarka, kafin in gama sun haddace. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka taɓa riƙe kalangu?" Na ce mu koma kan darasi.

Ni ne kullum nake ce musu babu tambayar banza.

An maƙala takardar yabon da aka ba ni a taron ranar Asabar, 5 ga wata, a ofishin malamai. Na roƙi a cire, aka ce tawali'u ne ke damuna.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan magariba

Na tarar da Baba Sha'aban a zaure. Shekara talatin da wani abu yana bin Baba da ƙaramin kalangu a layin mahauta. Bakinsa jajir da goro, yana magana yana feshi. Na ɗan ja baya, ya gani.

"Malam boko, tsoron yawu kake? Ubanka ya fi haka feshi, kuma da shi ya yi maka tofi kana jariri."

Na tambaye shi jikin Baba. Ya ce, "Jiki da sauƙi, mutumin ne ba ya nan. Tun yaushe kake ce masa sannu? Ya amsa?"

Na ce a'a.

"To ba da baki ake kiran Mati ba. Shi ya kira kowa da kalangu, daga Sarkin Pawa har mai wankin hanji, kowa da takensa. Shi ma yana da nasa, wanda ubansa ya yi masa. Kaɗa masa, ka ga in bai waiwayo ba."

Na ce to ya taimaka ya kaɗa masa.

"Ni? Ai ba ni ya juya wa baya ba."

Ashe har shi ya sani.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Na sauke kalangun daga ƙusa. Baba yana kallo ta wutsiyar ido.

Maratayin ya yi baƙi ƙirin, yana da maiƙo kamar an tsoma shi a romon kai. Tsarkiyoyin, wato igiyoyin fatar da suka haɗa bakin nan da wancan, sun yi santsi saboda gumin hammatar shekara arba'in. Nan zan sa tawa hammatar. Da na rataya sai na cire shi nan take, na fita bayan ɗaki na sha iska.

Na wanke hannu sau uku. Har yanzu ina jin sa a alƙalamin nan.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Darasin farko, a gidan Baba Sha'aban, can nesa da kunnen Baba. Na zo da sabon littafi da abin ja layi. Na tsara jadawali: mako na farko riƙo, na biyu bugu, na uku take. Ya karɓi littafin ya juya shi, ya ɗora goronsa a kai.

Taken Baba gajere ne: "Mati na Zulfa, taso rana ta yi." Zulfa kakata ce. Baba Sha'aban ya kaɗa, wallahi na ji kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mutum ne ya faɗa. Na karɓa na buga. Abin da ya fito kamar ana dukan bokiti.

"Hannun dama ba ya magana," in ji shi. "Duka kawai ya iya, ko jaki aka ba sanda zai yi. Maganar tana nan." Ya cafki hannuna na hagu ya matse shi a kan tsarkiya. "Ka matsa, murya ta hau. Ka saki, ta sauka. Kai ka riƙe shi nesa da jiki kamar an ba ka kashin yaro. Rungume shi!"

Na rungume. Rigata ta shadda ce.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Ranar kasuwa. Daga tsakar gida ana jiyo shanu da babura. Kiɗa ne babu. Baba ya ƙi ko ruwa har azahar.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

A ofis Malam Mahdi mai lissafi ya shinshina iska ya ce, "Wa ya shigo mana da kilishin da bai bushe ba?" Aka yi dariya. Sai ya juyo gare ni. "Af, Malam Sabiru, ka tuna tsohon nan na ranar taro? Wanda ya ɓarke da kiɗa ana kiran sunanka, shugaba ya tambaye ka ko naka ne, ka ce wani maroƙi ne kawai? Jiya na je Mai'adua sayen rago, na ji mahauta na cewa makaɗinsu ya kwanta. Ko shi ne?"

Na ce ban sani ba.

Sau biyu ke nan.

Na shiga banɗakin malamai na kulle. Wurin ƙazami ne, ruwa ya yi kwana uku bai zo ba, amma na fi minti goma a tsaye a ciki, don na ga ya dace da ni.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Matsa, saki, matsa, saki. Hammatata ta saɓule. Kalangun har yanzu ba ya cewa komai.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Na taya Yaya juya Baba don a canza zanen gado. Ya rame, ƙashin kafaɗarsa kamar zai huda fata. Yawu na zuba ta gefen bakin da ya karkace, na goge da gefen zane ina kau da kai. Ya bari na taɓa shi, amma idonsa a rufe har na gama.

A wajen murhu Yaya ta ce, "Malam." Ba ta kira na Malam sai in za ta yanke ni.

"Na'am, Yaya."

"Tun asuba ranar nan ya tashe ni in goge masa babbar rigarsa. Ya ce yau za a karrama Sabiru a gaban mutanen Daura, ba zai bari a kira sunan ɗansa a bushe ba. Na ce Baba ba a gayyace ka ba. Ya ce ana gayyatar uba ne? Kafin azahar ya dawo. Ya rataye kalangun nan bai ce uffan ba. Lahadi bai je kasuwa ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Laraba ya faɗi a bakin rijiya."

Ta ci gaba da fifita wuta.

"Ban tambaye ka abin da ya faru ba. Kada ka gaya mini. In na ji daga bakinka ba zan iya zuba maka abinci ba."

Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cin sa. Na rubuta wannan a nan don in riƙa karantawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe kafin aji

Ina da shekara bakwai Kawu ya ɗauke ni zuwa Daura. Malami ne, mutumin kirki, shi ya yi mini komai. A hanya ya ce, "In an tambaye ka sana'ar babanka, ka ce noma." Baba yana noma kuwa, gona ɗaya. Ba ƙarya ba ce. Shekara ashirin da takwas ina faɗin abin da ba ƙarya ba.

Ranar da za mu tafi Baba ya raka mu tasha yana kiɗa, yara na bin mu. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin mota ina addu'a direba ya tayar. Ya yi mini take a ranar: "Sabiru na Mati, tafi ka dawo." Shi ya kaɗa ranar Asabar ɗin. Bugu uku na farko na gane.

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar

Na fasa kalangun Baba.

Haushi ne. Sau hamsin ina maimaita "Mati na Zulfa", Baba Sha'aban yana cewa, "Wannan ba Mati ba ne, wannan kwaɗo ne a rijiya." Na ɗaga sandar na maka da ƙarfi, bakinta ya shige cikin fatar.

Ya daɗe yana kallon ramin. Ba ya wasa yanzu.

"Fatar nan da hannunsa ya ɗaura ta bara. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗaura." Ya tofar da goro. "Gobe kasuwa. Ka je wurin Sarkin Pawa Kalilu ka ce ya ba ka fatar ɗan akuya, ɗanya, wadda wuƙa ba ta yi wa rauni ba."

Na ce ko zai karɓo mini, tunda ya san su.

"Wanda ya fasa shi ke zuwa. Kuma za su tambaye ka ko kai wane ne. Ba sa ba baƙo fatar kalangu."

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban taɓa shiga mahauta ba sai yau. Jini na gudu a kwata, ƙudaje kamar an shimfiɗa baƙin bargo, ana juye tumbi a ƙasa tururi na tashi. Takalmina ya nutse cikin abin da ba na son sanin sunansa. Na toshe hanci da hankici, sai na ga duk sun daina aiki suna kallona. Na mayar da shi aljihu.

Sarkin Pawa Kalilu ƙato ne, yana zaune kan benci yana wasa wuƙa. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Fatar kalangu? Alhaji, kai da wannan agogon? Wa ya aiko ka?"

"Baba Sha'aban."

"Sha'aban ba shi da kalangun da ya isa sabuwar fata. Na wa za a ɗaura?"

"Na Mati."

"Kai wane ne a wurin Mati?"

Akwai mutum ya kai goma a wurin. Na ce, "Ɗansa ne." A hankali ya fito, kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Ban ji ba, ana sara ƙashi."

"Ni ɗan Mati mai kalangu ne, ranka ya daɗe."

Ya ajiye wuƙar. "Kai ne tafi-ka-dawo?" Ya juya ga mutanensa. "Kai, ku zo ku ga tafi-ka-dawo! Ashe mutum ne, mun zaci waƙa ce!" Suka taso da hannuwansu jina-jina, kowa na son ya gaisa da ni. Wani ya ce duk ranar kasuwa da takena Baba yake rufe kiɗa, shekara da shekaru, har sun haddace. Wani ya ce da na ci jarrabawar kwaleji Baba ya yi kiɗa tun safe har la'asar bai karɓi ko tsoka ɗaya ba.

Na gaisa da su duka. Hannuna ya yi danƙo.

Sarkin Pawa ya zaɓo fatar da kansa, ya naɗe ta a leda tana ɗiga. Ya ce, "Ka ce wa Mati layin nan ya yi shiru kamar makabarta. Nama ma ba ya saye."

A kan babur ledar na bugun gwiwata, da ɗumi. Na yi amai a bakin hanya.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar

An jiƙa fatar da toka a tsohuwar tukunya. Yau na kankare gashin. Ba zan kwatanta warin ba. Baba Sha'aban ya ce in yi a hankali, in na huda zan koma mahauta. Ban huda ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun ɗaura. Baba Sha'aban ya ce hannuna bai yi muni ba a ɗinki, da ma dukanci na koya.

Baba ya ga ƙusar babu komai kwana goma sha uku ke nan. Yaya ta ce can yake kallo duk yini. Kunu cokali biyu. Ta ce in abin nan da nake yi zai yi, to ya yi da wuri.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Hannun dama ya zauna, in ji Baba Sha'aban. Bugun yana faɗa inda ya kamata. Hagun ne dai. Ina matsawa a makare, ina saki da wuri. Ya ce "Mati" yana fitowa, "Zulfa" kuwa ko ita ta dawo duniya ba za ta gane kanta ba.

Na tambaye shi wata nawa ake ɗauka.

"Wata? Mati ya shekara bakwai yana bin ubansa kafin a bar shi ya kira sunan mutum."

Ba mu da shekara bakwai. Ban tabbata muna da mako bakwai ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, lokacin hutun tara

Na ce wa Malam Mahdi, tsohon nan mahaifina ne. Yana cin ƙosai. Ya tsaya da tauna, ya ce, "Subhanallahi," ya rasa inda zai sa idonsa. Ban jira sauran ba.

Ban ji sauƙi ba. Na zaci zan ji.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe shida

Na wanke hannu sau ɗaya yau. Sai da na zauna rubutu na lura.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Baba bai sha komai ba tun jiya da safe. Ma'aikacin asibitin da ke zuwa duba shi ya ce in aka kai Litinin a haka sai an mayar da shi a sa masa robar abinci ta hanci. Yaya ta yi kuka a bayan ɗaki, ta fito ta ce hayaƙi ne.

Na ce wa Baba Sha'aban gobe zan kaɗa. Ya ce ban isa ba. Na ce na sani.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, don kada in ƙara masa komai daga baya.

Na shiga da hantsi. Yaya na bakin ƙofa da kofin kunu, Baba Sha'aban ya tsaya a tsakar gida ya ce shi ba zai shiga ya ga abin kunya ba. Baba na kwance, fuska a bango. Ɗakin na warinsa. Na zauna a bakin gado ta hagunsa, na rataya, na rungume.

Na buga. "Mati" ya fito. Sauran ya watse.

Na sake. Ya fi na farko muni. Daga tsakar gida na ji Baba Sha'aban ya ce, "Innalillahi."

A karo na huɗu Baba ya juyo.

Ba irin juyowar da na yi mako uku ina roƙo ba ce. Fuskarsa a murtuke take, ɓarin da ke motsi ya yamutse kamar ya taka ƙazanta. Na san kallon nan. Shi nake yi wa maratayinsa, shi na yi wa mahauta. Ban taɓa sanin daga wurinsa na gado shi ba.

Ya miƙo hannun hagu ya fizgi maratayin. Na zaci ƙwacewa zai yi ya jefar. Na cire na ba shi. Ya yi ta kokawa da shi a kan ƙirji, Yaya ta ajiye kofi ta tallafo shi zaune, ta sa masa filo. Ya tura kalangun ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya shige kamar bai taɓa barin wurin ba. Ya shafa sabuwar fatar da babban yatsa, ya bi ɗinkin, ya ɗan tsaya. Sannan ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya. Ya dubi sandar da ke hannuna.

Ya yi wani gurnani, ya nuna fatar da haɓa.

Na matso na durƙusa a gabansa, kusa har ina jin numfashinsa. Na fara bugun "Mati na Zulfa". Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya buga mini wani lissafin da yatsa a jikin icen kalangun, a hankali, sau biyu, kamar yadda nake yi wa yaran da suka zo aji a makare. Na bi.

Ni ina duka, shi yana matsawa yana saki. Bugu uku na farko na gane.

Sabiru na Mati, tafi ka dawo.

Tsaf ya fito, kowace kalma. Muka yi sau biyar ko shida, ban ƙirga ba. A na ƙarshe na makara da bugu ɗaya, ya saki tsarkiya ya mangare ni a ƙeya da hannun nan na hagu. Da zafi kuwa.

Baba Sha'aban ya leƙo ya ce, "Yawwa, Mati, ƙara masa. Ni mako uku ina son in yi."

Na ce, "Baba, ranar nan…" Ya matse kalangun ya yi wani ƙugi ba tare da an buga ba, ya harare ni. Ban sani ba ko ya ji abin da na faɗa a taron, ko fuskata kawai ya gani. Ba na jin zan taɓa sani.

Yaya ta miƙo mini kofin. Cokali goma sha ɗaya. Rabin na sha biyu ya dawo ta gefen baki ya zubo mini a hannun riga.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da sassafe

Sarkin Pawa ya aiko da amalanke an shimfiɗa tabarma a ciki, wai a kai Baba kasuwa. Yaya ta ce hauka ne, mutum jiya-jiya ya fara cin abinci. Baba ya nuna babbar rigarsa da haɓa, ta tashi ta ɗauko tana mita.

Takena kaɗai muka iya tare, sai rabin na Sarkin Pawa da muka gwada jiya da yamma, na sha mangara huɗu a kansa. Baba Sha'aban ya ce mahauta za su yi mini dariya har su faɗa kwata.

Wurin zai yi wari. Na sa tsohon takalmi.